Zauren Anti: Ke Mai Shirin Zama Matar Likita, Matso Kusa

  

A cikin wasiƙun da suka taru mini wannan watan akwai wata da na karanta har sau uku. Wata ƙanwarku ce daga Gusau, bara ta gama sakandare, ta ce wani likita ne ya fito neman aurenta, iyaye sun yi bincike sun amince, har an fara maganar sa rana. Damuwarta guda ɗaya ce, an tura shi aiki wani ƙaramin gari, kuma ya ce can za ta tare. Ƙawayenta sun rabu gida biyu, wasu na cewa ta yi dace ta haye tudun mun tsira, wasu na cewa wa zai bar birni ya tafi ƙauye cin ƙura. Ta rufe wasiƙar da cewa, "Anti, na ji an ce ke ma matar likita ce, don Allah ki faɗa mini gaskiya."

To ƙanwata, gaskiya kika nema, ita zan ba ki, har da wadda ba ta yi mini daɗin faɗa ba. Sauran ku ma ku matso, domin na san a cikin duk 'yan mata goma da za a tambaya wa suke son aure, da wuya a rasa huɗu da za su ce likita.

Ban ga laifinku ba. Ni ma na karanta littattafan soyayyar nan a ƙarƙashin bargo a makarantar kwana, da tocila, ina kasa kunne ko matiron za ta shigo. Likitan cikin littafi kun san shi: dogo, fari, mai saje, ga farar riga ga abin awo rataye a wuya. Yarinya za ta yi hatsari a kawo ta asibiti, ya dube ta sau ɗaya ya ji duniya ta tsaya masa, daga nan sai gida mai bene a Nasarawa. Abin da littafin ba ya faɗa shi ne, kafin ya zo ƙofar gidanku ya yi shekara 6 a jami'a, in yajin aiki bai ƙara masa ba, ya yi shekara 1 yana koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, ya yi shekara 1 ta bautar ƙasa. Yana fitowa ba shi da komai sai tulin littattafai da ramar kwanan zaune. Nawa dai da wata tsohuwar Peugeot 504 ya zo, wadda ranar da aka je gaisuwar surukai sai da ƙannena suka tura ta.

A watan Disamba na 1995 aka kai ni. Garin ba zan kama sunansa ba, hedkwatar ƙaramar hukuma ce, tafiyar kamar awa uku daga Kano. Asibitin gwamnati guda ɗaya ne, likita kuma guda ɗaya, wato Dokta, sai wani ɗan bautar ƙasa da ke zuwa yana tafiya. Gidanmu a kwatas yake, bayan asibitin, katanga ce kawai tsakaninmu da ɗakin haihuwa. In mace na naƙuda ina jin ta daga tsakar gidana.

Daren farko, 'yan kai amarya ba su gama watsewa ba, aka buga ƙofa. Maigadin asibiti ne, wani dattijo da muke kira Baba, ya ce a yi haƙuri an kawo wata a amalanke tana jijjiga. Dokta ya cire babbar rigar angwanci ya fita. Ƙawata da ta kwana da ni ta ce, "Tabɗijam! Ke kam kin samu kishiya tun ba ki kwance lalle ba." Muka yi dariya. Ban san cewa wannan bugun ƙofar shi ne zai zama agogona na shekara tara ba.

Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane ba. Wayar salula ta GSM sai a 2001 ta shigo Najeriya, garin nan kuwa sai da muka kusa barinsa sabis ya iso. Saboda haka duk mai neman likita ƙofarmu zai zo, da ƙafarsa. Wasu ma ba sa bi ta asibitin, kai tsaye gida suke yi, su shimfiɗe mara lafiya a barandarmu, a ganinsu in an riga an shigo gidan mutum ba zai iya cewa a je a yanki kati ba. Na sha tashi sallar asuba in tarar da baƙi a kan tabarmata. Na sha tuƙa tuwo da magariba a ci shi da hantsi.

Ban cika wata uku ba sai ga sanƙarau na 1996. Ku tambayi iyayenku, babu wanda ya ga shekarar nan a Arewa ya manta. Ga sanƙarau, ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci guda, kuma sanƙarau kaɗai ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. Gadajen asibitinmu suka cika, aka koma shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, ana rataye ledar ƙarin ruwa a jikin reshe. Ina da ƙaramin ciki a lokacin. Dokta ya daina shiga ɗakina, in ya zo sai ya tuɓe a bayan gida ya yi wanka, in tura masa abinci ta bakin ƙofa, ya ci a tsaye ya koma. Mahaifiyata ta aiko a ɗauko ni, na ce ba zan tafi ba. Ba jarumta ba ce, ƙuruciya ce kawai da kuma kunyar a ce matar likita ta gudu, domin a ƙaramin gari in matar likita ta haɗa kaya to kowa ya san abin ya fi ƙarfin asibiti.

A nan na fara gane cewa sunana ya ɓace. Babu mai kirana da sunan da ubana ya yanka mini rago, daga tsofaffi masu ce mini Amarya sai sauran gari masu cewa Matar Likita. Kuma sunan yana da daɗinsa, kar in yi muku ƙarya. In na shiga gidan biki a kan darduma ake ajiye ni, kusa da matar hakimi da matar alƙali, ni da ban wuce shekara 20 ba. Mahauci ya zaɓar mini tsoka. Da kaka kuwa gidanmu har ya rasa wurin ajiya: wannan ya kawo damin gero, wancan ƙwan zabi, Fulani su kawo man shanu a ƙwarya, wata tsohuwa da aka cire wa jikanta ƙaya a maƙogwaro ta shekara uku tana aiko mana da kuka da kuɓewa busassa. Irin wannan ƙauna ba na jin akwai matar likitan birni da ta taɓa ganin ta.

Amma kowace kyauta da igiyarta. Wadda ta kawo kaza yau, jibi za ta dawo ta ce in sa baki Dokta ya duba mijinta ba layi. Dangin nesa da ban taɓa jin sunansu ba suka gano cewa suna da 'yar'uwa a gidan likita, su zo jinya su sauka a wurina mako biyu, ci da sha da kuɗin mota duk a wuyanmu, alhali albashi sai ya yi wata bai zo ba. Sannan ga masu cewa ai matar likita rabin likita ce. A gidan suna mace za ta ja ni gefe ta ɗaga riga ta nuna mini ƙurji, ko ta ce yaronta na gudawa wace ƙwaya za ta saya a kemis. Abu guda na yarda na koya musu, shi ma Dokta ne ya ce in koya: ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a yi ta ba yaro kafin a kai shi asibiti. Bayan wannan duk wadda ta tambaye ni magani sai in ce ni girki na iya.

Na san akwai mai son ta tambaya, to Anti kishi fa? Hmm. Mijinki yana kwana da nas-nas a wurin aiki, matan gari kaf ya san su sun san shi, ga iyaye mata masu aiko 'yan matansu da kwanon dambu "a kai wa likita sannu da aiki", yarinya ta ci kwalliya kamar ranar sallah. Da fari na sha kuka. Daga baya na lura mutumin da ke dawowa yana yin barci da takalmi a ƙafa ba shi da ƙarfin kallon kowa, sai na riƙa karɓar dambun in yi godiya in cinye abina.

Duk waɗannan da na lissafa masu sauƙi ne. Abin da ya sa na karanta wasiƙarki sau uku wani abu ne daban, wanda ban taɓa rubuta shi a zauren nan ba.

Wani dare a shekarar 1998, muna cikin cin abinci aka buga ƙofa. Na leƙa ta taga na ga wani ɗan kasuwa da na sani da matarsa, sun riƙo 'yarsu ta dunƙule tana riƙe da ciki, ko miƙewa ba ta iya yi. Yarinyar ba ta wuce shekara 17 ba, an sa ranarta, saura wata biyu biki, lefenta ma da ni aka je gani. Dokta ya wanke hannu ya bi su. Can wajen sha biyu na ji an ta da janareto. A lokacin wahalar mai ake yi, wutar NEPA kuwa sai mu yi mako ba mu gan ta ba, saboda haka duk wanda ke kwatas ya san ba a ta da janareton nan sai za a shiga tiyata. Bai dawo ba sai bayan asuba. Na ce ya mai jiki, ya ce da sauƙi, ya kwanta. Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan.

Washegari akwai suna a unguwar. Ɗakin mai jego cike da mata, ana ta shewa, sai wata mai yawan barkwanci ta dube ni ta ce, "Matar Likita, yau idonki ya yi ja, ko Dokta ne ya hana ki barci?" Aka fashe da dariya. Ni kuma kunya ta kama ni, don in kare kaina sai na ce, "Wane barci, Dokta ai a tiyata ya kwana, 'yar gidan Alhaji wane aka kawo cikin dare ciki ya murɗe mata, Allah dai Ya ba ta lafiya." Na kama sunan gidan. Ɗakin ya ɗan yi tsit, wata ta ce ikon Allah, wata ta ce ashe, aka ci gaba da rabon waina. Wallahi har na dawo gida ban san na yi wani abu ba.

Ashe iyayen yarinyar ɓoye zancen suka yi. Sun roƙa aka sa ta a ɗakin gefe, sun ce wa maƙwabta ta je wurin gwaggonta, domin su 'yan gari ne, sun san abin da gari ke yi da labarin budurwar da aka tsaga wa ciki. Ni baƙuwa ban sani ba. Cikin kwana uku zance ya zama ciki ne da ita aka zubar. Kafin mako ya zagayo an ce har mahaifa aka cire mata, ba za ta taɓa haihuwa ba. Kuma duk wadda ta ɗauki zancen ta kai gaba sai ta ɗora masa hatimi: daga bakin matar likita aka ji.

Afendis ne fa. Ku 'yan makaranta kun san shi a darasin kimiyya, ɗan guntun abu ne kamar ƙaramin yatsa a jikin hanji, ta gefen dama a ƙasan ciki. In ya kumbura dole a cire shi, in aka bari ya fashe yana iya kisa. Namiji na yin sa, mace na yin sa, yaro na yin sa, babu abin da ya haɗa shi da mahaifa balle cikin shege. Amma wa zai tsaya ya saurari wannan, ga labari mai daɗi?

Uwar ango ta aika a karɓo lefe. Ranar Dokta ya dawo da wuri, abin da bai saba ba. Na kawo abinci bai taɓa ba. Ni da na san shi da faɗa in an taɓa masa littafi, na yi zaton zai yi ta ihu, sai ya yi magana a hankali, wadda har yau da ya yi ihun da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ranar da aka ba mu izinin aikin nan sai da muka yi rantsuwa a kan sirrin mara lafiya. Ban faɗa miki komai ba, amma ban yi tunanin abin da idonki zai gani ta taga ba. Laifina ne da ban zaunar da ke tun farko ba."

Ina kuka na ce, "Dokta, to ka je ka faɗa musu gaskiya mana, ka ce afendis ne." Ya ce ba shi da wannan ikon. Ko don ya wanke ta, ba zai buɗe baki a kan ciwonta ba sai ita da mahaifinta sun yarda. Kun ji fa, shi da ya yi aikin da hannunsa bakinsa a ɗaure yake, ni da na leƙa ta taga kawai na je na baza a gidan suna.

Mahaifin ya yarda. Aka zauna a zauren limamin gari, da baffannin ango, Dokta ya ɗauki takarda da biro ya zana musu hanji, ya nuna musu abin da ya cire da inda yake, ya ce in suna so su kai ta Kano ko Zariya wani likitan ya duba. Mazan suka gamsu, har suna ba Alhaji haƙuri. Amma aure ba a zaure kaɗai ake ɗaura shi ba. Matan cikin gida suka ce ai likita dole ya rufa asiri, aikinsa ke nan, gaskiyar ita ce wadda ta suɓuce daga bakin matarsa. Yaron yana son ta, an ce har kwanciya ya yi, amma uwarsa ta ɗaga masa nono. Aka fasa.

Sai da na yi kwana goma kafin na iya taka ƙafata zuwa gidan. Na durƙusa a gaban mahaifiyarta na kasa magana. Baiwar Allah nan ba ta zage ni ba, har ruwa ta sa aka kawo mini. Ta ce, "Amarya, mun san ba da mugunta kika faɗa ba. Amma da ni ce na faɗa, ko wata a cikin matan nan, da an ce hira ce ta mata. Ke kuwa da kika faɗa, sai aka ce daga asibiti ta fito." Yarinyar na kwance a kan gado, na ce mata sannu, ta juya fuskarta bango. Bayan shekara biyu aka aurar da ita ga wani ɗan'uwansu a can wajen Nguru. Na ji labarin ta haihu, har da tagwaye. Mun haɗu sau ɗaya a wani biki, ta gaida kowa ta tsallake ni, ban kuma ga laifinta ba.

Kuma abin bai tsaya a kanta ba. Watanni bayan nan Dokta ya lura an daina kawo 'yan mata asibiti da ciwon ciki ko na mara, sai dai a kai su kemis a yi ta ɗura musu allura, in abu ya lalace sannan a kwaso su. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba. Ni dai na san lissafi.

Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. In an buga ƙofa ba na leƙawa. In na ga mace a barandarmu da daddare, gobe muka haɗu a gidan biki sai in gaishe ta kamar na shekara ban gan ta ba. In an ce, "Matar Likita, wai me ke damun wance ne, na ga ta rame?" sai in ce Allah Ya sani. Ko tsokaci na daina yi, domin na gane ko gira na ɗaga za a fassara. Kuɗin da na biya shi ne kaɗaici. Hirar mata a ƙaramin gari ba da rance ake yin ta ba, ki kawo in kawo ce, wadda ba ta kawo komai kuwa a hankali za a daina matsa mata wuri. Aka ce ina da girman kai, aka ce 'yar birni ce. Gari guda ya san ni amma ƙawata ta gaskiya ɗaya ce tak, matar shugaban makarantar sakandare, 'yar Ilori, ita ma baƙuwa, ita ma ana zuwa wurinta neman sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane. Mu zauna mu yi ta hirar girki da ɗinki, ba ta tambaye ni ban tambaye ta.

Kar ki ce wannan labarin da ne. Yanzu ma sirrin ya fi yawa. A 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, a duba ƙanjamau da ciwon hanta da kuma rukunin jini na sikila, kuma a wurare da dama ko babu doka iyaye da limamai suna neman takardar. Gwajin alheri ne, domin in mai AS ta auri mai AS, kowane ciki da za ta ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Amma ki duba, a garin da asibiti ɗaya ne, takardar kowace budurwa da kowane saurayi ta teburin mijinki za ta bi. Aure zai fasu, a zo ana shafa ki ana cewa ke dai kin sani. Ga waya a hannun kowa, abin da a zamaninmu yake kwana uku kafin ya zaga gari yanzu kafin ki sa mayafi ya isa Legas.

'Ya'yanki ma da nasu rabon. Babban ɗana, da damina a 1999, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi har ya fara shiɗewa, ubansa yana tiyata ana ciro wa wata jariri. Na saɓe shi ba takalmi na zagaya katanga, wata nas ce ta karɓe shi ta yi abin da ya dace. Na aika a faɗa wa Dokta, ya ce a ce mini yana zuwa, bai fito ba sai bayan awa ɗaya da rabi. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Na san ba zai bar mace da ciki a buɗe ya fito ba, na sani sarai, amma uwa ba da sani take fushi ba. Yaron ya tashi, matar ma ta tashi, jaririn aka sa masa sunan Dokta. Da yaran suka isa shiga makaranta kuma sai wata sabuwa: ko su zauna a firamaren garin, aji ɗaya yara sun fi 80, ko in koma Kano da su ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Da yawa daga matan abokansa sun zaɓi na biyun, wasunsu kuma a haka aka yi musu amarya a can. Mu mun jure har 2004 da ya samu gurbin ƙaro karatu muka dawo.

Akwai kuma abin da mu ba mu sani ba a lokacinmu, mu da muke kwana a tsakar gida da zafi ƙofa a buɗe. A ƙarshen 2023 har cikin kwatas ɗin wani asibiti a Kaduna aka shiga aka ɗauke wata likita da mijinta, sai da ta yi kusan wata 10 a hannun masu garkuwa. Ke da kike Gusau ba sai na yi miki bayani ba. Wannan magana ce ta iyayenki maza, su bincika garin da hanyarsa da kyau, kuma in sun ce a dakata kar ki ga kamar ba sa son ki.

To ƙanwata, kin ce in faɗa miki ki yarda ko kar ki yarda. In kina son sa, kuma garin da lafiya, ni dai na ce ki tafi. Shekarun nan tara su ne na fi tunawa a aurena, kuma mutumin da na gani yana ɗinke mutane da hasken tocila ba zan taɓa iya raina shi ba ko me ya yi mini. Amma kafin a kawo kayan sa rana, in ya zo zance, ki bar sunkuyar da kai ki tambaye shi su nawa ne likitocin asibitin, domin tsakanin shi kaɗai da su uku akwai bambancin sama da ƙasa. Ki tambaye shi gidan a cikin asibiti yake ko a cikin gari. Ki tambaye shi shekara nawa yake nufin yi a can, a gaban wakilinki, ba a soro ku biyu ba. Maganar karatunki kuwa a yanke ta yanzu, ko kwalejin ilimi ce mafi kusa, domin ni koyarwar da na samu a makarantar 'yan mata ta garin ita ta hana ni zama ina ƙirga bugun ƙofa. Sannan ki ce masa Antinki ta ce ya zaunar da ke tun daren farko ya yi miki karatun abin da za ki gani da wanda ba ki gani ba, kar ya jira sai kin je gidan suna.

A cikin kayan ɗakinki a sa miki fitila mai caji guda biyu da babban kular abinci mai riƙe zafi, sun fi miki rabin kwanukan da za a jera a kabet. In an sa ranar ki aiko mini da kati.

Wata mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba wasiƙar wata 'yar aji biyar daga Azare, wadda yayarta ta rasu aka ce ita za ta maye ɗakin. Sai mun haɗu.

Taku har kullum,
Anti